Awarar da Rahamatu Ta Ɗaura a Ƙirji

Shekarar da aka karya darajar sefa, kowa a unguwar Nombakele kuka yake yi ban da Rahamatu mai awara. Ba mugunta gare ta ba, abin ne ya zo mata a daidai. Kajin ƙanƙara da jirgin ruwa ke kawowa Libreville suka ninka kuɗi, madarar gwangwani ta koma abin kallo a kanti, naman shanu kuwa sai dai ka gaishe shi ka wuce. Shi ko waken suya daga Kamaru yake zuwa a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, kuɗin ƙasashen biyu iri ɗaya ne, tare aka karya su, saboda haka bai yi wani tashin a zo a gani ba. Waɗanda a da suke toshe hanci in sun zo wucewa ta gaban kaskonta, su ne yanzu ke layi da kwano a hannu. Har matan Gabon, masu tambayar wane irin cuku ne wannan da babu saniya a cikinsa, sun koyi jefa shi a miyar ganyen rogo.

Rahamatu 'yar Tasawa ce ta ƙasar Nijar, gajera mai jiki, mai dariyar da ake jiyowa daga bakin titi. Mijinta Idrissa taksi yake ja. Ta haura shekara ashirin a garin nan, amma Faransancinta bai wuce na ciniki da na faɗa da mai inji ba. Aikinta kuwa ta iya shi, wannan babu gardama. Ta jiƙa wake, ta kai inji, ta juye ƙullun a tsohon buhun fulawa, ta rungume shi a ƙirji ta yi ta murɗa har farin ruwan ya tsiyaye tas. Ta tafasa, ta riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan tana kallo har ya kama jikinsa, ta kwashe a ƙyalle ta danne da bulo. Kafin hantsi ta yanka, mai ya yi zafi, unguwa ta ɗauki ƙamshi.

Abu ɗaya kowa ya sani game da ita: ba ta cin awara. Ko ɗanɗano. Gishiri ma da ido take auna shi.

"Ni da nake wuni a kan tukunyar nan," in ji ta, "tururin ya ƙosar da ni har lahira. Ku dai ku ci, Allah ya sa muku albarka. Ni a ba ni tuwona."

'Ya'yanta maza biyu sun bi kawunsu Port-Gentil koyon kanikanci. Wadda ta rage a gida ita ce babbar, Ummussalma, kuma a nan gizo yake saƙar, don ita ce 'yar fari. Da a Tasawa aka haife ta, da kaka ce za ta ɗauke ta tun daga yaye, kowa ya huta. Amma a Libreville ina kaka? Haka suka zauna a ɗaki biyu na katako, uwa da 'ya, Rahamatu tana riƙe da kunyar 'yar fari daidai yadda uwarta ta riƙe mata. Ba ta kiran sunanta. Ba ta kallon idonta. Magana kuwa sai ta jefa ta a iska. "Da wani zai miƙo min ludayin can." "Mai fita ya ɗauki lema, hadari ya haɗu." In abin ya yi tsawo, sai ta bi ta kan maƙwabciyarta Jaiba, wata bazawara mai kitso 'yar Garwa ta Kamaru, wadda bakinta ba shi da birki. "Jaiba, ce wa yarinyar nan abincinta yana hucewa," alhali yarinyar tana zaune a gefenta, gwiwa na gogar gwiwa.

Ummussalma a nan ta tashi, lakwal ta yi, wato makarantar Faransanci, yanzu tana koyon aikin jinya. Ƙawayenta 'yan Gabon suna cewa ko uwarta fushi take yi da ita, ita kuwa ta saba, ta san ba fushi ba ne. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda abu ɗaya yake sosa ran uwar. Farar rigarta ta aiki a ɗakin Jaiba take rataye ta, don kada ta ɗauki warin wake. Rahamatu ba ta taɓa cewa uffan ba, amma duk sanda ta ga rigar tana shiga ɗakin maƙwabta, sai ta ji wani abu ya tokare ta.

Shi ya sa ranar da yarinyar ta dawo daga lakwal ta zauna a kan turmi ta ɗauki awara daga faranti, maganar da ta yi ta shiga Rahamatu har ƙashi.

"Tanti Jaiba, kin san yau sai da aka yi zancen sana'ar Inna a aji? Malaminmu ya ce matan Sin da na Japan, masu cin waken nan tun suna yara, sankarar mama ba ta cika kama su kamar matan Turai ba. Ana nan ana bincike ko waken ne."

"Iye!" in ji Jaiba. "Rahamatu, ashe likita muke zaune da ita ba mu sani ba."

Rahamatu ba ta ɗago kai ba. Ta ce wa kasko, "Man nan ya fara ƙauri." Amma wallahi daɗin da ta ji ya fi ƙarfin faɗa. Sana'arta a bakin malamin likitoci, kuma 'yarta ce ta kawo labarin da bakinta! Ranar duk wanda ya zo saye sai da ya sami gyara. Rabin farko na maganar ta ɗauka ta adana a zuci. Wancan "ana nan ana bincike" kuwa ya faɗi ƙasa, kaji suka tsattsage.

Shekara ta juya, sai hukuma ta fito da sanarwa: duk baƙon da ba shi da katin zama, ya gyara ko ya tattara nasa ya nasa. Gari ya ɗauki zafi. Jandarmomi suka cika mararraba, ana tsayar da taksi ana sauke mutane. Daga unguwar Lalala har unguwar London, sai ka ga katifu da tukwane a ƙofar gida ana sayarwa, masu su za su bi jirgin ruwa. Katin Rahamatu ya mutu. Idrissa ya fara sabunta nasa tunda shi ne kullum a kan titi, nata kuma takardun suna ofis, kullum a ce ya dawo. Sai ta daina wuce kwanar masallaci. Bai dame ta ba. Idrissa yana kawo mata wake daga kasuwar Mont-Bouët, inji yana bayan gida, masu saye su ke zuwa. In ta ga wata ta zo sallama da ƙullin kaya, takan cika mata leda da awara ta ce guzuri, ta koma ciki ta share ido.

A cikin wannan hali ne, wata safiya tana rungume da buhu tana murɗa, ta ji wani abu ya tsaya tsakaninta da buhun, ta hagu. Ta ɗauka tsakuwa ce a cikin ƙullu. Ta lalube buhun, babu. Da ta shiga wanka ta sa hannu, sai ga shi: ɗan ƙullutu mai tauri kamar ƙwallon dabino, ba zafi, ba ƙaiƙayi, yana zaune abinsa.

Ta san shi. Ƙanwar mahaifiyarta da shi ta tafi, kuma Rahamatu tana budurwa ita ke wanke tsummokaran. Har yau in ta tuna, warin ɗakin nan take ji a hancinta. Ta tsuguna a bayin ta daɗe, ruwan bokiti ya huce. Tsoro ta ji, tsoro na gaske.

Da ta fito ta zauna a gaban murhu tana lissafin inda za ta kai kanta. Asibiti yana can ƙetaren mararraba, ita kuwa ba kati. A sauke ta daga mota a bainar jama'a, a tura ta bayan kamiyo da zane ɗaya? Ko ta isa, wani ƙaton namiji ne zai ce ta buɗe. Idrissa kuwa tun fara kamen nan ko barcin kirki ba ya yi, ba za ta ƙara masa ba. Jaiba in ta ji, unguwa ta ji. Mutum ɗaya ce a gidan ta san kan abin, ita ce kuma wadda Rahamatu ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige da ta buɗe mata ƙirji.

Tana cikin haka ruwan tukunya ya kama jikinsa, farin gudaji suka taso. Ta zuba musu ido. Af! Ita da maganin yake dahuwa a gabanta kullum? Matan Sin da me suka fi ta? Laifinta ne ma da ta yi shekaru tana ciyar da unguwa ita ba ta ci. Nan take ta ji numfashinta ya dawo.

To, sai Rahamatu ta shiga jinyar kanta, kuma da gaske ta shiga. A saninta magani ba da yaji ake shan sa ba, don haka soyayyar ba ta cikin lissafi. Farar take ci, ɗanya daga ƙarƙashin bulo, ba gishiri. Takan laɓe a bayan ƙofa ta toshe hanci ta haɗiye, idonta na kawo ruwa, ta bi da bisimilla. Safe, rana, yamma. Sai kuma ta ga ai hanyar ciki ta yi nisa, kafin magani ya zagayo ya iso wurin an daɗe. A garinsu ƙurji ganye ake dakawa a ɗaura masa. Saboda haka da ta kwashe daga wuta sai ta ɗebi mai zafi-zafi ta ƙulle a tsohon ɗankwali, ta ɗora a kan wurin ta tamke da wani a ƙarƙashin riga. Da shi take suya, da shi take ba da canji.

Hankalinta ya kwanta, har waƙa take yi a bakin kasko. Kullum da safe in ta taɓa sai ta ji kamar ya ragu. Da yamma kuma yana nan yadda yake, sai ta ce gajiya ce ta kumbura shi.

Asiri ya tonu wata rana da hantsi. An sallami su Ummussalma da wuri, ta turo ƙofa, ƙofar ta bugi wani abu mai taushi. Ta leƙa. Ga uwarta tsaye, ido a rufe, hanci a toshe, kumatu cike da farar awara.

Rahamatu ta haɗiye da ƙyar, ta juya ta fuskanci bango. "Gishirin yau nake dubawa," ta ce wa katako.

Yarinyar ta dube ta. Idonta ya sauka a kan rigar, inda ruwa ya jiƙa ɓangaren hagu ya yi zobe, ya bushe, ya sake jiƙa. Ta ajiye jaka ta fita. Bangon katako ba ya riƙe sirri, Rahamatu tana jin kukanta a ɗakin Jaiba, ƙasa-ƙasa. Rabon da ta ji kukan yarinyar nan tun tana firamare.

Can sai ga Jaiba ta faɗo ɗakin ba sallama, da matsefi a soke a gashinta.

"Rahamatu, cire."

"In cire me?"

"Abin da kika cusa a riga. Tun makon jiya nake ganin ɓangare guda ya fi guda, na ce ko idona ne ya fara. Cire, ko in cire miki."

Babu yadda ta iya. Ta zaro ƙullin ta ajiye a tabarma. Jaiba ta kwance shi, ta ga awara ta yi lafiyayyen faɗi, ta ɗauki siffar wurin da ta kwana. Ta kwashe da dariya har ta zauna a ƙasa. "Wayyo cikina! Bulo ya yi kaɗan, kin koma danne ta da jikinki? Wannan nawa za ki sayar mana?" Tana cikin dariyar sai ta ga fuskar ƙawarta, dariyar ta tsinke. "Tun yaushe?"

"Tun farkon kamen nan."

"La ilaha illallahu. Kuma ina nan, katako ɗaya tsakaninmu."

Ummussalma tana bakin ƙofa, ta juya musu baya. Ta ce, "Tanti, a taɓa a ji. Ki shimfiɗa yatsu uku, ki bi a hankali kina zagayawa. Ki gaya min ko yana motsi."

Jaiba ta naɗe hannun riga. Yatsun da suka saba jan gashi ba su san a hankali ba. Ta danna, Rahamatu ta yi tsalle. Ta sassauta, Rahamatu ta ce cakulkuli take mata.

"Yana motsi, Tanti?"

"Ita ce dai take motsi."

"Girmansa fa? Gefensa santsi ne ko gargada?"

"Ke 'yar nan, ni nono na ji! Ina na san gefensa? Kitso na koya." Ta juya ga Rahamatu. "Don girman Allah ki bar yarinyar nan ta duba ki. A nan ta sha, me za ta gani sabo?"

Rahamatu ta ja zane ta rufe kanta ruf. Daga ciki ta ce, "Jaiba, ki bar ni da abin da na iya."

Suka ji takun yarinyar ta bar ƙofa. Jaiba ta yi tsaki ta fara faɗa, tana cewa kunyar da za ta kai mutum kabari ita ba ta ga amfaninta ba, Rahamatu kuwa ta yi kunnen uwar shegu da ita. Ba a jima ba sai aka ƙwanƙwasa ƙofa, ƙwas ƙwas, irin na baƙi. Wa ke ƙwanƙwasa ƙofa a gidan nan?

"Bonjour. Nan ne gidan Madam Idrissa?"

Rahamatu ta leƙo ta gefen zane. Farar riga ce tsaye a ƙofar, an ɓalle maɓallanta har wuya, da farar hula, da agogo a maƙale a ƙirji. Fuskar a ɗaure tamau. Ba ta taɓa ganin rigar a jikin mai ita ba, kullum a ninke take fita da ita.

Jaiba, Allah ya ba ta saurin ganewa, ta miƙe tsaye har da rusunawa. "Sannu da zuwa, Madam. Shigo, ga marar lafiyar. Rahamatu, daga asibiti aka aiko ta. Kin yi sa'a ma ta iya Hausa, a Garwa ta yi aiki."

Rahamatu ta sauke zanen daga kanta a hankali, ta gyara zama, ta kafa idonta a kan agogon nan. "Bonjour, Madam," ta ce. "Jaiba, ba wa baƙuwa kujera mana."

Madam ta wanke hannu a buta, ta murza tafukanta don su yi ɗumi. Ta ce a kwanta, a ɗaga hannu sama da kai. Rahamatu ta kwanta. Yatsun suka bi wurin a natse, ba gaggawa, suka tsaya a kan ƙullutun, suka zagaya shi, suka haura hammata suka dawo.

"Akwai wadda ta taɓa yin irinsa a danginku?"

Sai ga Rahamatu tana ba da labarin ƙanwar mahaifiyarta, da tsummokaran, da ɗakin, abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba a garin nan. Maganar tana fita kamar an kwance bakin buhu.

Madam ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Ƙarami ne, kuma ban ji komai a hammata ba. Wannan abin godiya ne. Amma ni ba zan iya cewa mene ne ba, sai an duba a asibiti, kuma ba wata mai zuwa ba. Maganar awara kuma, Madam Idrissa, abinci ce mai kyau, mai so ya ci. Abin da aka faɗa na matan da suka tashi da ita tun yarinta ne, su ma ba a ce ba ya kama su ba, an ce bai cika ba, kuma har yanzu ba a gama tabbatarwa ba. Abin da ya riga ya fito, ko buhu kika cinye ba zai narke ba." Ta ƙara da cewa, "Wadda ta kawo miki rabin magana ta tafi ta bar ki da ita, ita ce da laifi."

"A'a, Madam." Muryar Rahamatu ta tashi. "Kar ki taɓa min ita. Yarinyar daidai ta faɗa, kunnena ne ya zaɓi wanda yake so."

Jaiba ta juya tana neman wani abu a cikin kwandon wanki wanda babu shi.

Da Idrissa ya dawo cin abincin rana, Madam ce ta tare shi a tsakar gida ta yi masa bayani. Mutumin ya dubi rigar, ya dubi 'yarsa a cikinta, bai tambayi komai ba. Ya shiga ɗaki ya tsaya a kan matarsa. "Haba Rahamatu," kawai ya ce, ya zauna a bakin gado ya dafe kai. Ta ji kunyarsa fiye da in ya yi faɗa.

Ranar tafiya asibiti, Ummussalma ta karɓo takarda daga wata likita mace cikin malamansu, mai cewa ana jiran marar lafiya. Duk da haka Rahamatu ba ta yarda da takarda ba, ruwan sama ta roƙa. Aka kuwa tashi da shi kamar da bakin ƙwarya, irin ruwan Libreville mai hana ka jin maganar na kusa da kai. Ta shiga bayan taksin Idrissa, Madam a gefenta, Jaiba a gaba tana ja wa kowa addu'a da ƙarfi. A mararraba jandarmomin suna can sun takure a barandar wani kanti. Ɗaya ya leƙo, ya ga farar riga da mace kwance a kafaɗarta, ya yi musu alama da hannu su wuce. Sai da suka yi nisa Rahamatu ta lura a kafaɗar wa take, amma ta ce a ranta ai ta ma'aikaciya ce, ta bar kanta a wurin.

Abin da take tsoro ne, likitar ba ta ɓoye mata ba. Amma ta ce an zo da shi da sauran ƙuruciyarsa, ba kamar yadda aka saba kawo mata ba. Aka yi aiki, aka cire shi da naman da ke kewaye, aka ce za ta riƙa dawowa ana dubawa. Matan adashi suka ba ta kwasar da ba tata ba. Rahamatu ta tambayi likitar ko dole ta ci gaba da cin awara. Da aka fassara, matar ta yi dariya ta ce in tana so. "Alhamdu lillahi," in ji Rahamatu, "a gaya mata ba na so."

Ta dawo gida, kasko ya koma hannun Jaiba, wadda awararta ke fitowa wata kamar dutse wata kamar koko, masu saye suna ci suna tambayar yaushe Mama za ta tashi. Kamen ya lafa, waɗanda suka tafi sun tafi, katinta ya fito daga baya. Ita kuwa tana kwance tana shan romo, ana zuwa gaishe ta, ta yi fes har kumatu suka ƙaru.

Kowace yamma bayan la'asar, yarinyar nan takan dawo daga lakwal ta wuce ɗakin Jaiba ba tare da kowa ya ce mata komai ba. Jim kaɗan sai a ji ƙwas ƙwas. Madam ta zo wanke ciwo. Rahamatu takan riga ta share ɗaki, ta sa turare, ta ajiye kujera. Ana cire bandeji ana hira. Ta ba Madam labarin Tasawa, da rijiyar ƙofar gidansu, da yadda ta yi amai tun daga Kwatano har Libreville a jirgin ruwa tana amarya. Ta tambaye ta ko aikin da wuya, ko likitocin suna yi musu tsawa, ko akwai wani mai hankali a cikinsu da ba shi da mata. Madam takan ce wannan ba ya cikin aikinta, Rahamatu ta yi dariya har ɗinkin ya ja ta.

Ciwo dai ba ya zama don ana jin daɗin hira. Wata yamma Madam ta ɗaga audugar ta duba, ta danna gefe da gefe, ta ce, "Madam Idrissa, ya warke. Ba sauran abin wankewa. Daga yau kin sallame ni."

Rahamatu ta ja rigarta ta rufe. Maimakon murna sai ta ji ranta ya ɓaci, ɓaci sosai, har ta rasa inda za ta sa idonta. Madam tana haɗa almakashi da kwalabe a jaka.

"Madam, zauna tukuna. Ina da 'ya a lakwal ɗinku, ban sani ba ko kin san ta."

Hannun Madam ya tsaya a kan jakar. "Wataƙila. Muna da yawa."

"Doguwa ce, ba ta biyo ni ba. Ranar da na haife ta a garin nan ba ni da kowa, babanta yana kan hanya. Ni da ita ne kawai a ɗaki, na yi ta kallonta har na manta ban ci abinci ba. Tun daga ranar ban sake yi mata kallon ƙoshi ba, mu haka muka tarar ana yi. Tana tsammanin ban san lokacin da ta ci jarrabawa ba, alhali har sadaka na yi. In kin gan ta, ki ce mata duk abin da take yi ina gani." Sai ta ƙara da cewa, "Kuma rigarta ta daina kai ta maƙwabta. Akwai ƙusa a ɗakin nan. Zan riƙa rufe tukunya."

Madam ta sunkuyar da kai, hular ta karkace. Da ƙyar ta ce, "Zan gaya mata."

"Sai kuma ɗaya ɓangaren. Likita ta ce a riƙa dubawa, ni kuwa kin ga hannuna, buhu kawai ya sani."

"Sau ɗaya a wata ya isa."

"Wata?" Rahamatu ta ɗago, ta dube ta a ido, ta daɗe tana dubawa. "Haba Madam, wata ya yi nisa. Ki riƙa zuwa duk Juma'a."